Yadda Ake Koyar da Rubutun Kwatanci da na Dalili da Sakamako a Turanci

Malaman Turanci da dama, daga cikin garin Katsina har Daura da Dutsin-Ma, sun yi ta kawo mini tambaya iri ɗaya ta fuskoki daban-daban. Wani ya ce ya rubuta wa 'yan aji shida "however" da "whereas" da "therefore" a allo, sun haddace tsaf, amma da aka ba su insha'i sai suka watsa kalmomin ko'ina kamar an watsa wa kaji tsaba. Wata malama ta ce nata ɗaliban idan aka ce su kwatanta abu biyu, sai su cika shafi da bayanin na farko, su cika wani da bayanin na biyu, su ajiye biro. Masu koyar da darasin Turanci na GST 111 a jami'a da masu darussan gama-gari na GSE a kwalejojin ilimi su ma kukansu ke nan.

Ba ƙarancin mahaɗai ne ke damun yaran ba. Yaro bai san da me yake auna abubuwan nan biyu ba, bai kuma san ta yaya wancan ya haifar da wannan ba, sai aka miƙa masa kalmomin haɗi tun bai da abin haɗawa. Shi ya sa a tsarin nan mahaɗai sai a mataki na biyar suke zuwa. A bi jerin yadda yake, kada a tsallaka.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Allo da alli ko maka, kwali huɗu manya, maka baƙa da ja, almakashi, biro ja, da fotokwafin insha'i ɗaya na misali mai shafi guda. Kwafi ɗaya ya ishi ɗalibai huɗu, wato aji mai mutum 80 kwafi 20 ne. Ba a buƙatar majigi ko intanet. Kwalin da ka rubuta bana, idan ka naɗe ka adana a ofishin malamai, zai yi maka baɗi, in dai gara ba ta riga ka ba. Lokaci kuwa, ka ware darasi takwas na minti 40, wato mako huɗu idan kana ɗaukar biyu a mako. Abin da zai fi cin ka shi ne lokacin duba rubutu, kuma mataki na tara ya yi bayanin yadda za a rage shi.

1. Karanta tambaya tukuna

Rabin darasi ya isa. Kawo tsofaffin takardun WAEC da NECO, ba na Turanci kaɗai ba, har da na Gwamnati da Labarin Ƙasa da Tattalin Arziki. Sa ɗalibai su ja layi ƙarƙashin aikatau ɗin da ke ba da umarni. "Compare" na neman kama da bambanci duka. "Contrast" da "distinguish between" bambanci kawai suke so. "Account for" da "discuss the causes of" dalili suke nema, "effects" da "consequences" kuma sakamako. Su kuma zagaye adadin da aka ambata, domin tambayoyin insha'i kan ce a kawo aƙalla dalilai uku.

Hattara: wanda aka ce ya kawo uku ya kawo biyu ya yi asarar makin ƙunshiya komai kyan Turancinsa. Wanda kuma ya jero takwas, kowanne layi ɗaya, bai tsira ba, don ba a buɗe ko guda ba.

2. Fitar da ma'auni, ka zana jadawali

Nan ne gindin aikin, ka ba shi darasi guda cur. Kada ka fara da abin da yara ba su taɓa gani ba. Ɗauki gero da dawa. Tambayi aji da Hausa: me ya raba su, me ya haɗa su? Amsoshi za su yi ta zubowa. "Malam, gero ya fi saurin nuna." "Malam, da gero ake fura." "Dawa sai an yi sanyi ake yankanta." "Gero ko a jigawa yana yi." Rubuta duka a gefe ɗaya na allo yadda suka zo, ba gyara.

Sai ka koma kan kowace amsa ka ce, wannan a kan me take magana? Ta farko da ta uku a kan lokacin nuna ne. Ta biyu a kan amfani. Ta huɗu a kan irin ƙasa. Wani zai ƙara da yawan ruwan da kowanne ke buƙata. Waɗannan su ne ma'aunai, kuma daga yau kalmar da za ka riƙa maimaita musu ke nan. Zana jadawali mai ginshiƙi uku: ma'auni a hagu, gero a tsakiya, dawa a dama. Yanzu ne Turanci zai shigo, kalma biyu ko uku a kowane gurbi, ba jimla ba. A gaban "maturity" su sa "early" ga gero, "late" ga dawa. A gaban "soil" su sa "light, sandy" da "heavier, holds water". A gaban "rainfall" su sa "less" da "more".

Doka ɗaya ce: babu gurbin da za a bari fanko. Yaron da ya ce da gero ake fura dole ya faɗi me ake yi da dawa, tuwo ne ko kamu. In ya kasa, a share ma'aunin gaba ɗaya. Kwatancin da ya faɗi abu a kan ɓangare ɗaya ya yi shiru a kan ɗayan ba kwatanci ba ne, bayani ne kawai, kuma wannan shi ne ciwon da malamar can ta kawo kuka a kansa.

Daga nan raba aji rukuni-rukuni, kowane ya zana nasa jadawalin a kan noman damina da noman rani, ko makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo, ko keke napep da acaɓa. Ma'auni uku, kada su wuce huɗu. Masu noman rani ka tuna musu da abin da suke gani a bakin madatsun Jibiya da Zobe da Ajiwa, injin ban-ruwa da kuɗin mai da tumatir da albasa, don kada su rubuta abin da ba ya kama da ko'ina.

Hattara: wasu makarantu na hana Hausa a aji har da tara. Ka nemi fahimtar shugaban makaranta a kan minti goman farko. Yaron da aka tilasta wa yin tunani da Turancin da bai ishe shi ba, tunanin ne zai taƙaita, ya kawo maka "millet is good and guinea corn is also good".

Littattafai da yawa na son zanen Venn, da'ira biyu masu shiga juna. Ni ban cika amfani da shi ba. Yana da kyau wajen nuna abin da aka yi tarayya a kai, amma yana barin yaro ya zuba abu biyar a da'irar hagu, biyu a ta dama, ba tare da ya ga cewa ba su fuskanci juna ba. Jadawali ba ya ɓoye gurbi fanko.

3. Jimlar matsaya

Kowane insha'i na buƙatar jimla ɗaya a ƙarshen gabatarwa da ke faɗin inda marubuci ya tsaya. Rubuta wannan a allo: "There are many similarities and differences between millet and guinea corn." Tambayi aji ko akwai wanda zai musa. Babu, domin ba ta ce komai ba. Cire gero da dawa ka sa akuya da jirgin sama, jimlar na nan daidai. Sai ka rubuta ta biyu: "Although both crops are planted with the early rains, millet suits farmers around Daura better than guinea corn because it matures earlier, needs less rain and grows well in sandy soil."

Su nemo abubuwa uku a cikinta: abubuwan da ake kwatantawa, hukuncin marubuci, da ma'aunai uku a jere. Jerin nan shi ne jerin sakin layukan da za su biyo baya. Kowane rukuni ya rubuta tasa jimlar daga jadawalinsa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: wa zai iya musa wannan? Idan manomin Funtua zai iya cewa a wajensu ba haka ba ne, to jimlar ta ɗauki matsayi.

Hattara: ka hana buɗe insha'i da haddar nan ta "In this our contemporary society" da ma'anar kalma daga ƙamus. Layi biyar ne suke tafiya a banza.

4. Zaɓi tsari

Tsari biyu ne. Na farko na dunƙule: a gama da gero a kan ma'aunai uku, sannan a ɗauko dawa a kan waɗannan ma'aunai uku, a jeri iri ɗaya. Na biyu gaɓa-gaɓa: kowane sakin layi ma'auni ɗaya ne, a cikinsa a taɓa gero a taɓa dawa.

Kada ka yi dogon bayani, almakashi zai yi maka. Insha'in misalin nan da ka yi fotokwafi, ka rubuta shi da kanka a kan batun da ba su yi ba, jimla 18 zuwa 20. Yanka shi jimla-jimla, ka zuba wa kowane rukuni nasa a ambulan ko ka ɗaure da roba. Su jera shi a kan benci da tsarin dunƙule, ka duba, su wargaza, su sake jerawa da tsarin gaɓa-gaɓa. Da hannunsu za su gane cewa jadawalin ne dai, sau ɗaya an karanta shi daga sama zuwa ƙasa, sau ɗaya daga hagu zuwa dama. Ka rufe tagogi ko ka sa su danne takardun da biro, musamman lokacin hunturu.

Ga mai shirin jarrabawa, gaɓa-gaɓa nake ba da shawara. Insha'in WAEC kalma 450 ake so. Gabatarwa 60, sakin layi uku kowanne 110, kammalawa 60, lissafi ya cika. Tsarin dunƙule ya dace da gajeren rubutu na sakin layi biyu, ko inda mai karatu bai san abubuwan ba sam sai an fara siffanta masa kowanne.

Hattara: mai amfani da dunƙule, rabinsa na biyu dole ya riƙa waiwayen na farko, da irin su "unlike millet". In ba haka ba insha'i biyu ya rubuta ya manna su. Kuma a tsarin gaɓa-gaɓa, wanda aka fara ambata a sakin layi na farko shi za a riƙa farawa da shi har ƙarshe.

5. Yanzu a kawo mahaɗai

Yawancinmu mukan kasa su bisa ma'ana, na kama daban, na bambanci daban. Wannan ba ya hana kuskure, domin kuskuren a wurin zaman kalmar yake. Kasa su bisa abin da ke biye musu, ka rubuta a kwali ɗaya ka manna a bango.

Kashi na farko suna haɗa ganga biyu a jimla ɗaya (ganga a nahawu ita ce yankin jimla mai ɗauke da aikatau ɗinsa): "whereas", "while", "although", "but". Misali, "Millet matures early, whereas guinea corn stays longer on the farm." Kashi na biyu suna buɗe sabuwar jimla, waƙafi na biye musu: "However", "In contrast", "Similarly", "Likewise". Kashi na uku suna ne ke biye musu, ba ganga ba: "unlike", "like", "despite". Goma sha ɗaya ke nan, sun ishi ɗan sakandare har ya gama. Ɗauki layi ɗaya na jadawali, su rubuta shi sau uku, kowane da kashi ɗaya. Wannan atisayen ya fi haddar kalma talatin amfani.

Akwai kurakuran da za ka gani a kusan kowane littafi, kuma da yawansu Hausa ce ke magana a ƙarƙashi. Mu muna cewa ko da yake gero na nuna da wuri, amma bai kai dawa kaza ba. Daidai ne a Hausa. Yaro sai ya ɗauko ginin nan ya rubuta "Although" a farko da "but" a tsakiya. Kada ka tsaya ga jan layi, nuna masa daga inda abin ya fito, ka ce Turanci ɗaya yake ɗauka cikin biyun. Da zarar ya gane tushen, shi da kansa zai riƙa kama kansa.

Na biyu "more faster" da "more better". Na uku, kwatanta abu da abin da ba jinsinsa ba: "The rainfall in Funtua is higher than Daura." An auna ruwan sama da gari. Gyaran shi ne "than that in Daura", in jam'i ne kuma "those". Na huɗu "similar with" da "despite of", waɗanda ya kamata su zama "similar to" da "despite" ita kaɗai. Na biyar "On the contrary", wadda yara ke so don tana da nauyi a baki. Aikinta ƙaryata abin da aka faɗa ne, ba jera bambanci ba. Inda suke sa ta, kusan kullum "In contrast" ake nema.

Hattara: "however" ba ta haɗa jimla biyu da waƙafi kawai. Aya ko waƙafi mai ruwa ne ke gabanta. A tsarin makin WAEC, insha'i maki 50 ne: ƙunshiya 10, tsari 10, iya bayani 20, ingancin nahawu da ƙa'idojin rubutu 10, kuma daga goman ƙarshen nan ake cire rabin maki a kowane kuskure. Kuskure 20 sun cinye ta. Faɗa wa ɗalibai wannan lissafin, yana sa su nutsu fiye da faɗa.

6. Dalili da sakamako: zana kibiyoyi

Abin da jadawali yake ga kwatanci, shi kibiya take ga wannan. Fara da abin da kowa a ajin ya ji a jikinsa. Rubuta a tsakiyar allo: an sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023. Ja kibiya: litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. Daga nan ka bar su su ci gaba. Kuɗin mota daga Daura zuwa Katsina, kuɗin niƙa, kuɗin ɗauko buhu daga kasuwar ƙauye, kuɗin ban-ruwa. Kowane a akwatinsa, kowane da kibiyarsa.

Kowace kibiya sai ta amsa tambaya ɗaya kafin a bar ta a allo: ta yaya? Za ka samu mai rubuta "Fuel subsidy was removed, therefore, children stopped going to school." Kada ka soke. Ce masa, ta yaya? Zai ce kuɗin keke napep ya ƙaru. To sai me? Uban da ke biya wa yara uku ko huɗu zuwa da dawowa kullum ya kasa. Sai me? Wasu suka koma takawa a ƙasa, wasu suka riƙa fashin zuwa makaranta. Duk yara ne? A'a, Malam, wasu dai. Ga akwati biyu da ya tsallake sun fito, ga kalmar "some" ta shigo. Jimlarsa ɗaya ta zama sakin layi cikakke, kuma shi ya gina shi. Yawancin raunin da ke cikin irin wannan rubutu tsallaken nan ne, marubuci ya san abin da ke tsakani a ransa ya ɗauka mai karatu ma ya sani.

Bayan haka nuna musu siffa uku da zanen ke ɗauka. Sababi ɗaya mai kibiyoyi da yawa suna fita, wannan insha'in sakamako ne. Kibiyoyi da yawa suna shiga akwati ɗaya, insha'in dalilai. Sai sarƙa, wannan ya haifi wancan, wancan ya haifi na gaba. Tambayar jarrabawa ce ke zaɓar siffa. Idan ta nemi dalilai da sakamako duka, a gama dalilai kafin a shiga sakamako, kada a cakuɗa.

Don siffa ta biyu, juya allon ka sa tsadar abinci a tsakiya. Kowa zai ce mai. Matsa musu. Darajar naira ta faɗi bayan da Babban Banki ya sauya tsarin canji a Yunin 2023. An rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin shekarar, abin da ya taɓa Jibiya da Mai'aduwa kai tsaye. Taki ya yi tsada. Rashin tsaro ya hana manoma da yawa a wuraren Batsari da Safana da Faskari zuwa gonakinsu na nesa. Sai su ware dalili na kusa da na nesa, su zaɓi uku, su jera daga mai sauƙi zuwa mafi nauyi, su kuma faɗi abin da ya sa suka ɗauki wancan a mafi nauyi. Wannan hukuncin shi ne jimlar matsayarsu.

Hattara ta farko: abu ya zo bayan abu ba ya nufin shi ya kawo shi. Tambaye su, shamuwa na zuwa sai damina ta sauka, shin shamuwa ce ke kawo ruwa? Za su yi dariya. Ka ce to duk inda suka rubuta "therefore" su tabbata ba shamuwa suka kama ba.

Hattara ta biyu: za ka ga mai rubuta cewa dalili shi ne haka Allah ya ƙaddara. Kada ka yi masa gatse, kada kuma ka ja jan biro a kai kamar ya yi saɓo. Ce masa babu mai musun ƙaddara, amma tambayar sababi take nema, irin wanda ake gani a kuma bayyana.

Hattara ta uku: batun tsaro ba misali ba ne kawai ga wasu 'yan ajin. Akwai wanda gudun hijira ya kawo shi gari, akwai wanda ya rasa nasa. Kada ka tilasta kowa ya rubuta a kai, kuma kada ka bari a ɗora laifi a kan ƙabila guda a matsayin dalili. Ambaliya, shaye-shaye, satar jarrabawa da sare itatuwa duk suna yin aikin.

7. Nahawun dalili

Saboda a Hausa tana ɗaukar suna, tana ɗaukar ganga: saboda ruwa, saboda ruwa ya yi yawa. Turanci ya raba. "Because" da "since" ganga ke biye musu. "Because of", "due to" da "owing to" suna ke biye musu. Daga rashin sanin wannan ne "due to the rain fell" ke fitowa. Haka nan tun da kaza, shi ya sa kaza, ita ke haifar da "Because" a farko da "so" ko "that is why" a tsakiya. Ɗaya za a ɗauka, kamar yadda aka yi da "although".

A kwali na biyu zana kibiya mai kallon dama, ka rubuta ƙarƙashinta "cause", "lead to", "result in". Zana mai kallon hagu, ka rubuta "result from", "be caused by". Yara na musanya "result in" da "result from" har ma'ana ta kife, ambaliya ta zama ita ta jawo ruwan sama. Ka ƙara da cewa "affect" aikatau ce, "effect" kuma a irin wannan rubutu suna ce.

Abu na ƙarshe a nan shi ne sassauci. Rubutun ilimi ba ya rantsuwa. Koya musu "contributed to", "partly", "may", "one of the main causes". Ba su jimloli biyar masu tsauri irin "Poverty causes crime" su sassauta kowace.

Hattara: kada su tara sassauci uku a jimla ɗaya. Ɗaya ya isa.

8. Rubutu tare, biyu-biyu, sannan kowa shi kaɗai

Sakin layi na farko a allo za a yi shi, su suna faɗa kai kana rubutawa, har da kurakuransu, a gyara tare. Gininsa huɗu ne: jimlar da ke ambata ma'auni ko dalili, bayani, misali na zahiri, sai jimlar da ke mai da shi ga matsaya. Na biyu su yi biyu-biyu. Na uku kowa nasa. Sai a darasi na ƙarshe za a yi cikakken insha'i a kan sabon batu, da agogo, minti 50 kamar yadda ake ba da shawara a jarrabawa: 10 na jadawali ko kibiyoyi, 33 na rubutu, 7 na dubawa. Tunda darasi minti 40 ne, ka nemi darasi biyu a haɗe ko ka roƙi malamin da ke biye maka.

Hattara: kada ka karɓi insha'in da ba jadawali ko zanen kibiyoyi a samansa. Kuma a aji za a rubuta. Wanda aka ba aikin gida yanzu, waya ce za ta rubuta masa, ya kawo maka Turancin da shi kansa ba zai iya karantawa ba.

9. Duba rubutun aji mai mutum 80

Kafin littattafai su zo hannunka, su yi musanya. Kowa ya yi wa maƙwabcinsa abu uku da fensir: ya ja layi ƙarƙashin jimlar matsaya, ya rubuta ma'auni ko dalilin kowane sakin layi da kalma ɗaya a gefen shafi, ya zagaye mahaɗai. Inda ya kasa samun kalma ɗayar nan, sakin layin ne ba shi da alƙibla, ya sa alamar tambaya.

Kai kuma a zagayen farko tsari kaɗai za ka duba. Karanta jimlar matsaya da jimlar farko ta kowane sakin layi. Idan su huɗun nan sun ba da labarin insha'in, tsari ya tsaya. Minti biyu ya ishi littafi ɗaya. Yi amfani da alamomi uku da ka riga ka bayyana musu: G inda gurbi ya zauna fanko, T inda aka yi tsallake, M inda mahaɗi bai zauna daidai ba. Su gyara su dawo da shi, a zagaye na biyu ne za ka shiga nahawu. Yaron da ya karɓi shafi ja wur daga sama har ƙasa makin kawai yake dubawa ya rufe littafin.

10. Ga ɗaliban gaba da sakandare

A Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Al-Qalam ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, matakan ba su sauya ba, sai dai a haɗa biyun a rubutu ɗaya: a nuna bambanci, sannan a faɗi abin da ya jawo shi ko abin da ya haifar. Batun da ke karɓar wannan sosai shi ne tsarin firaminista da Najeriya ta bi daga 1960 zuwa 1966 da tsarin shugaban ƙasa da ta ɗauka a 1979. Ma'aunai na iya zama yadda ake zaɓen shugaba, dangantakarsa da majalisa, da yadda ake cire shi. Sakin layi na ƙarshe ya ɗauki dalilan sauyin.

Masu rubuta kundin kammala karatu kuwa, a babi na biyu ne rashin wannan horo ke tona musu asiri, inda ake jera wane ya ce, wane ya ce, shafi goma ba mai kallon ɗan'uwansa. Sa ɗalibi ya kawo ayyuka uku kawai daga cikin waɗanda ya karanta, ya sa sunayen marubutan a saman ginshiƙai, a hagu kuma ya jera inda aka yi binciken, hanyar tattara bayanai, da abin da aka gano. Kada ka karɓi babin sai ka ga jadawalin a cike, kuma sakin layukansa su fara da ma'auni, ba da sunan marubuci ba.